Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kwamitin Gyaran Filin Unguwarmu a Gadarif: Kada a Raba Kaka da Jika

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa ga shugaban kwamitin gyaran filin unguwarmu da sauran membobinsa, da injiniyan da ya zana taswirar aikin, da kuma 'yan'uwanmu mazauna Makka da Jidda da Riyad waɗanda suka tsakuro daga guminsu suka aiko da kuɗin da za a yi aikin da su. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya tare da iyalanku, ina roƙon Allah ya saka muku da alheri, ya mayar muku da ninkin abin da kuka kashe na dukiya da na lokaci.

Ni tsohon malamin firamare ne da ya ajiye alli, kuma da yawa daga cikinku kun zauna a gabana kuna ƙanana, saboda haka idan harshena ya yi kaifi a wani wuri, ku ɗauke shi maganar uba. Ba da bakina kaɗai nake magana ba. Dattawan da ke zama a gindin bishiyoyin nim (darbejiya) na filin tsakanin la'asar da magariba su suka ɗora mini wannan rubutu, haka nan tsofaffin matan da ke wuni da jikoki, da baiwar Allah mai shayi da maƙwabciyarta mai godogodo (irin fura da nono), waɗanda a inuwar nan suke neman abin sakawa a bakin salati. Akwai kuma yaran unguwa, waɗanda don su aka ce za a yi aikin amma ba wanda ya tambaye su. Na bar wasiƙar a buɗe ga kowa ne domin masu bayar da kuɗin suna ƙetaren teku, hoton taswirar kawai suka gani a WhatsApp, kuma hoto ba ya nuna wa mutum inda rana take sauka da ƙarfe uku.

Ba mu manta halin da filin ya shiga ba. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023 baƙi suke shigowa Gadarif, kuma bayan faɗuwar Wad Madani a watan Disamba na wannan shekarar, sannan Sinja a ƙarshen Yunin 2024, sai da filinmu ya cika da rumfunan tamfol da buhu, aka haƙa masai a gefensa, aka girka murhu a inda yara suke langa. Da mutane suka fara komawa garuruwansu, ku ne kuka kira nafir, wato gayya a bakin kakanninmu, kuka cike ramuka kuka kwashe shara. Wannan aiki ya isa yabo, kuma abin da zan faɗa a ƙasa gyara kayanka ne, wanda bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Ga abin da muka fahimta daga taswirar da aka liƙa a bangon masallaci. Kashi biyu cikin uku na filin zai zama wurin ƙwallon 'yan biyar-biyar da ciyawar roba, a kewaye shi da shingen waya mai tsawo, a riƙa karɓar kuɗi a kan kowace awa. A kusurwar gabas za a zuba kankare a kafa lilo da abin zamiya na ƙarfe domin ƙananan yara. A can kusurwar yamma kuma, bayan shingen, za a gina ɗakin bulo mai rufin kwano da talabijin, aka rubuta masa suna ɗakin dattawa. Domin duk wannan ya samu wuri, biyar daga cikin bishiyoyin nim bakwai za su sha gatari.

Babban kukanmu shi ne an raba mutanen da al'ada ta haɗa. Wanda ya zana taswirar ya yi tunani irin na mai rabon gado, kowa ga kasonsa, yara can, samari nan, tsofaffi ga ɗakinsu. Alhali a gidan Bahaushe abokin wasan yaro na farko kakansa ne. Uba da uwa suna da kunya da kawaici, musamman ga ɗan fari wanda ko sunansa ba su kama wa, amma kaka mace tana kiran jikanta mijinta, tana kiran jikarta kishiya, kaka namiji kuma yana tsokanar jikarsa da amarya, yana ce wa jikansa ɓarawon mata. Yaro yana iya cire wa kakansa hula ya ruga, abin da ba zai kuskura ya yi wa ubansa ba. Kakanninmu da suka taso daga ƙasar Hausa kan hanyar aikin hajji, da waɗanda suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno zuwa gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, sun bar gonaki da gidaje a baya, amma wannan wasa sun zo da shi, kuma har yau bai mutu ba. Abin da yake buƙata kaɗan ne, wato wurin da tsoho zai zauna yana ganin yaro, yaro kuma yana jin muryar tsoho. Taswirarku ta sa shingen waya da faɗin filin ƙwallo gaba ɗaya a tsakaninsu.

Bari in ba ku misali da gidana. Ina da jika 'yar shekara shida wadda aka haifa a Khartum, yaƙi ya dawo mana da ita tare da uwarta. Da ta zo, in na yi mata Hausa da Larabci take amsa mini, kamar yadda galibin jikokinmu suke yi yanzu, kuma watanni ta yi ba ta yarda ta yi nisa da zanen uwarta, ko ƙarar raksha, wato keke mai ƙafa uku, ta ji sai ta toshe kunne. Wata la'asar ta biyo ni gindin nim, ta tsuguna tana kallon muna dara, ni da tsinken kara abokina da tsakuwa, a gurabe talatin da muka tona a ƙasa. Abokin nawa ya ce mata, amarya, riƙe mini 'ya'yana kada mijinki ya sace. Ta riƙe. Washegari ita ta tona mana guraben da yatsanta, tana ƙirgawa da Hausa domin da Hausa ta ji muna ƙirgawa. Kafin wata ya cika ta bar mu ta shiga cikin sa'o'inta suna carafke taku goma daga inda muke, lokaci-lokaci tana ɗago kai ta tabbatar ina nan. Wannan ɗago kai shi ne abin da nake so injiniya ya auna da tef ɗinsa. Da a ɗakin bulo nake ina kallon talabijin, da ba ta fito daga gida ba.

Kuma ba maganar shauƙi kaɗai ba ce, maganar tsaro ce. Ku duba wa yake gida da rana a unguwar nan. Iyaye maza wasu suna Saudiyya, wasu suna gona, musamman lokacin yankan riɗi da dawa da ake kwashe makonni ba a ga mutum ba, wasu kuma yaƙi ya tafi da su. Iyaye mata suna kasuwa ko bakin murhu. Idon da ya rage a kan yara idon tsofaffi ne, waɗanda ba a biyansu ko jine ɗaya, amma sun san ɗan wane ne kowane yaro, sun san baƙuwar fuska tun daga nesa, suna raba faɗa da tsawa guda ba tare da sun tashi ba. Idan kuka kai su kusurwar yamma kuka rufe, sai kun ɗauki mai gadi da albashi, shi kuwa ƙofa zai tsare, ba yara ba.

Na biyu, bishiyoyin. Kowa ya san abin da Afrilu da Mayu suke yi a Gadarif, lokacin da zafi ke haura maki 40. Ƙarfen da ya wuni a wannan rana ba abin wasa ba ne. Na taɓa kai jikokina wani wurin wasa a cikin gari, wanda ba sai na kama sunansa ba, ƙaramin ya hau abin zamiya da gajeren wando, ya sauko yana ihu da ja a cinyarsa kamar an ɗora masa dutsen guga. Ciyawar roba ita ma tana ɗaukar zafi fiye da ƙasa da ciyawar gaske nesa ba kusa ba, shi ya sa ake ganin filayen 'yan biyar-biyar fayau da rana, sai bayan magariba suke cika. Ɗakin kwano kuwa, da wutar lantarkin da ke zuwa tana tafiya, tanda za ku gina mana. Nim ɗin nan da ake shirin sarewa, wanda 'yan'uwanmu na Najeriya ke kira dogon-yaro ko darbejiya, iyayen wasunku ne suka dasa shi, suka raine shi da ruwan da ake saye a jarka a garin da ruwa bai taɓa yin araha ba. Ku da kuke Makka kun fi mu sanin cewa irin wannan bishiya ce aka dasa a filin Arfa domin alhazai su samu inda za su fake. Abin da ake dasawa can da tsada, bai kamata mu sare shi nan da kuɗin da kuka aiko ba. Gatari zai gama da su kafin azahar, amma wanda za a dasa a madadinsu, yawancin masu zama a gindinsu yau ba za su ga inuwarsa ba.

Na uku, kuɗin shiga da shinge. Mun fahimci hujjar, wato wuri yana buƙatar abin da za a riƙa gyara shi, kuma samarinmu sun cancanci filin ƙwallo mai kyau bayan shekarun da makarantu suka yi a rufe ko cike da 'yan gudun hijira. Ba mu ƙi ba. Amma ku lissafa waɗanda za su iya haɗa kuɗin awa: samari ne masu ɗan abin hannu, yawancinsu ma daga wasu unguwanni. 'Yan mata ba su da gurbi a taswirar ko kaɗan, alhali a tsakiyar filin nan suke gaɗa da dare, tsofaffin mata na zaune a tabarma suna gyara musu waƙa da tafi. A nan ne kuma idan farin wata ya fito ake jefa ƙashi a yi shilel, a ce dodo ya cinye shi, kuma na daɗe ina murmushi cewa dodon nan da Larabci da Hausa sunansa ɗaya. Wasanni irin waɗannan fili suke so, ba kayan ƙarfe ba. Yaron da aka rufe wa fili ba gida zai koma ba, zai fita titin da manyan motocin amfanin gona ke bi, ko ya gangara bakin kwari da damina lokacin da ruwa ke tahowa ba sallama. Sai kuma a tuna cewa filin nan shi ne inda muke shimfiɗa tabarmi mu fito da tire a sha ruwa tare da azumi, har a tare matafiyi a hanya a ce sai ya zauna, nan muke kafa rumfar biki da ta zaman makoki. Ba a kafa turke a ciyawar roba.

Na huɗu gajere ne domin injiniya ya fi ni saninsa. Ƙasarmu baƙar laka ce mai kumbura da damina ta dare da rani, kuma duk wanda ya yi daɓen siminti a tsakar gidansa ya ga yadda yake komawa bayan damina biyu. Kankaren da ya tsage ya tashi baki shi ke kayar da tsoho mai sanda, kuma kansa ne yaro zai faɗo daga lilo. Na ga kuma an zana tayoyin mota masu fenti a jere domin ado. Bayan zazzaɓin denge da ya kwantar da gidaje a garin nan a 2023, bai dace a ajiye abin da ke tara ruwan sama a inda yara da tsofaffi ke zama ba, domin sauron da ke kawo shi a irin wannan ɗan ruwa yake ƙyanƙyasa.

Kada ku ɗauka abin da muke nema ƙauyanci ne ko son zama a jiya. 'Yar ƙanwata da ta karanta zanen gine-gine ta nuna mini hotunan aikin wani Bature mai suna Aldo van Eyck a birnin Amstadam na ƙasar Holan. Su ma a lokacin daga yaƙi suka fito, gari cike da kangaye da yara. Daga 1947 zuwa 1978 ya zana wuraren wasa sama da 700 a lunguna da kufai, kuma abin da na gani a hotunan bai wuce ramin yashi mai faffaɗan baki da babba zai iya zama a kai ba, da 'yan duwatsun tsallake, da sandunan hawa, da benci a kusa. Mafi yawansu ko shinge babu, mai wucewa yana ratsawa, tsohuwa tana hutawa, yaro yana tonon yashi. Da na gama kallo na ce mata, ai wannan gindin nim ɗinmu ne, sanyi kawai suka fi mu. Haka kuma ƙasarmu ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara tun 1990, wadda sashe na 31 nata ya ambaci haƙƙin yaro na hutu da wasa, bai ce sai yaron da ke da kuɗin awa ba. Mu da muke karanta yadda Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauke ta, bai kamata sai wani ya zo daga nesa ya koya mana zama da jika ba.

Saboda haka ga abin da muke roƙo. Kafin komai, a dakatar da saran bishiyoyin, a mayar da su su zama tushen taswirar, wato a fara zana inuwa sannan a nema wa sauran abubuwa wuri a kewayenta. Kuɗin ɗakin bulo da talabijin a karkatar da su zuwa doguwar rakuba, wato rumfa, mai rufin zana ko ciyawa da za ta haɗa bishiya da bishiya, buɗe ta kowane gefe domin iska, da ɓangaren maza da na mata kamar yadda muka saba, kowanne yana fuskantar wurin yara. Ramin yashi da lilo su dawo ƙarƙashin wannan inuwa, kusa da mu yadda kira ɗaya zai isa, a zuba yashi mai zurfin da bai gaza santimita 30 ba a inda yaro zai iya faɗowa, a huda ko a binne duk tayar da za a yi amfani da ita.

Maganar wurin zama ina so in tsaya a kanta, domin matashi ba ya gane ta sai gwiwa ta fara yi masa magana. Bambar, wato 'yar gajeriyar kujera, yana da daɗin zama wajen mai shayi, amma tashi daga kansa aiki ne, kuma akwai dattijon da ya daina fitowa don kawai yana jin nauyin a riƙa ɗaga shi a gaban jama'a. Muna son benci mai tsayin kujerar gida, kimanin santimita 45, da majingina, da abin dafawa a gefe wanda mutum zai dogara da shi ya miƙe da kansa. A bar gurbi a gefen kowane benci inda keken guragu zai tsaya, domin yaƙin nan ya bar mana masu buƙatarsa, manya da yara. A bar mana kuma ɗan fegi na ƙasa zalla a gindin babbar bishiyar, kada a daɓe shi, domin dara da sija a ƙasa ake tona su, kuma rabin daɗinsu ga yaro shi ne a bar shi ya tona.

Muna roƙon siririyar hanya ta tsakuwa da aka daddale, wadda ta ɗan ɗara ƙasa tudu, ta zagaye filin da magudanar ruwa a gefenta. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2020, ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar kimanin awa ɗaya ta motsa jiki kullum, wanda ya haura 65 kuma aƙalla minti 150 a mako, tare da abin da zai ƙarfafa tsayuwarsa kwana uku a mako domin rage faɗuwa. Hanya ɗaya ta ishe su duka biyun, mai ciwon sukari ya zaga da sandarsa bayan asuba, jikansa ya gara taya a kanta da yamma. A ƙara da randunan zir biyu masu murfi a inuwa, da makewayi mai tsabta wanda rashinsa ke hana tsofaffin mata daɗewa a waje, da fitilu masu aiki da hasken rana a wurin gaɗa ba a filin ƙwallo kaɗai ba. Mai shayi da mai godogodo a ba su gurbinsu a rubuce cikin taswirar, kada a wayi gari a ce sun tsaya ba bisa ƙa'ida ba.

Filin ƙwallon kuwa a rage shi ya koma gefen da babu bishiya, a sa raga mai tsawo ta ɓangaren da ke kallon rakuba kaɗai domin kada ƙwallo ta sami mai shekara tamanin a ƙirji, a bar tsakiyar filin a buɗe. Idan dole sai an karɓi kuɗi, a karɓa da dare daga manya, a bar safiya da la'asar kyauta ga 'ya'yan unguwa, a ware wa 'yan mata nasu lokacin. Sannan muna neman a ƙara mutum huɗu a kwamitin, dattijo da dattijuwa da uwa mai goyo da budurwa, masu kuri'a ba 'yan rakiya ba, kuma a karanta lissafin kuɗin aikin a bainar jama'a a aika wa waɗanda suka bayar.

Roƙonmu na ƙarshe shi ne mafi sauƙi. Ranar Alhamis mai zuwa ku zo tare da injiniya tun ƙarfe biyu na rana, ku zauna da mu har magariba. Mun tanadi toka a bokiti, kuma yaran sun yarda za su riƙa shata bakin inuwar kowace bishiya a ƙasa duk bayan awa ɗaya, domin ya ga da idonsa inda take tafiya, ya ɗora taswirarsa a kai. Wanda yake Saudiyya kuma yana son gani, za mu sa a riƙe masa waya. Shayin ranar a kanmu yake, abin da muke nema a gare ku kawai shi ne kada mai gatari ya riga ku zuwa.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Tsohon malaminku na firamare, a madadin masu zama a gindin nim da jikokinsu,
Gadarif, Sudan.